Zuwa ga Malaman Ɗakin Awo

Ungozomomin asibiti da malaman jinya,

Duk wanda ya leƙa ɗakinku ranar awo ya san ɗawainiyar da ke kanku: benci maƙil da mata, ku biyu ko uku, abin gwajin hawan jini guda ɗaya. Sannu da ƙoƙari. Sai dai akwai gyaran da ba sai an jira gwamnati ba, wato yadda ake karɓar mai ciki.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, a fara kafin ciki ya wuce mako 12. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na matan Najeriya suka kai sau 4, Arewa maso Yamma kuwa ba ta ma kai haka ba.

Ku dubi wadda ta zo da cikin wata bakwai. Kafin ta iso gabanku sai da ta nemi izinin maigida, ta lallaɓa surukar da ta haifi 'ya'yanta duka a ɗaki, ta tara kuɗin ɗan acaɓa daga cinikin ƙuli-ƙuli. In cikin fari ne, ga kunya, ko sunan cikin ba ta iya kamawa. Bayan duk wannan sai a tarbe ta da "Sai yau kika ga damar zuwa?" a bainar jama'a. Ba za ta dawo ba, kuma kafin magariba labari ya kai ga maƙwabta.

Ku yi mata bayani. Da dama suna jibge ƙwayar ƙarin jini a ƙarƙashin katifa don an ce tana ƙara wa ɗa girma. Ku gaya mata ba haka ba ne, kuma baƙin bayan-gida ba illa ba ne. Fansidar kuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro, ta haɗiye shi a gabanku. Kada ta fita ba ta san cewa matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi da kumburin fuska kan zo gabanin jijjiga ba.

Ungozomar unguwa ma ku ja ta a jiki, maganarta ta fi taku shiga cikin gida. Don Allah, wadda ta makara ku fara da yi mata sannu da zuwa, sannan ku karɓi katinta.