Ruwan tarwaɗa taki ne, amma kada ka tura shi tiyon ɗigo kai tsaye

Akwai shawarar da ake yawan bai wa masu shirin fara kiwon tarwaɗa: ka yi lambu kusa da tafki, ruwan da za ka zubar ya zama taki. Shawara ce mai kyau, ni ma ina yi. Inda nake da ja shi ne masu ƙara cewa ka sayi tiyon ɗigo ka jona da tafkin kawai, ka huta. Na bi wannan maganar, kuma rabin tumatirina ya tafi.

Da rani ne. Nakan zuƙo ruwan tafkin tamfol zuwa wani farin tanki da na ɗora a sama, daga nan ya gangara cikin tiyo. Farko komai lafiya lau, ganye ya yi shar. Bayan 'yan makonni sai na ga shukar da ke ƙarshen layi tana yaushi, ta kusa da tanki kuwa tana nan garau. Na zargi mai sayar da tiyo, na zargi injin. Da na buɗe ƙarshen layi ɗaya sai ga wani koren yauƙi yana fitowa kamar miyar kuka. Gansakuka ce ta toshe ƙofofin.

To me ya kawo ta? Gansakuka abu biyu take nema: abinci da hasken rana. Abincin tarwaɗa furotin ne da yawa, wajen kashi 40 cikin ɗari, kuma ba duka kifin ke riƙewa a jikinsa ba. Saura yana fita a kashi da ammoniya, ga wanda ya nutse ba a ci ba. Abin da ke sa alayyafo ya yi kyau, shi ne dai ke ciyar da gansakuka. Sai ni kuma na ba ta farin tanki da rana ke ratsawa, murfin ma a buɗe. Ƙofar ɗigo kuwa ƙanƙanuwa ce, yawanci ba ta wuce milimita ɗaya ba. Ɗan yauƙi ya maƙale, laka ta manne a kansa, shi ke nan.

Ra'ayina shi ne, idan jarinka kaɗan ne, ka raba hanya. Ruwan kifi ya bi ta magudana zuwa fangali, ko ka ɗiba da bokiti ka zuba a gindin ayaba da gwanda. Tiyon ɗigo ka bar wa ruwan rijiya mai tsabta. Ba ka rasa takin ba, ba ka rasa tiyon ba.

Wani zai ce ai akwai matata. Gaskiya ne, amma wace iri? 'Yar ƙaramar nan mai raga da ke zuwa da kayan ɗigo an yi ta ne don yashi da tarkace. Yauƙin gansakuka yana liƙe ragar nan da nan, wani ma ya matse ya wuce. Mai faifai ta fi ta, a samu mai lamba 120, matatar yashi kuma ta fi duka a ruwa irin wannan. Sannan ko wacce ka saya, wanki take so kullum. In ka san ba za ka iya buɗe ta kana wankewa ba, kada ka fara.

Wanda ya nace, ga abin da ya rage mini wahala. Tankin ya zama baƙi, a rufe ruf. Ruwan ya kwana laka ta kwanta, kuma bakin bututun ya ɗaga sama da gindin tanki, kada ya ja ta ƙasa. Duk mako a buɗe ƙarshen kowane layi a bar ruwa ya gudu har sai ya fito fes. Ka kuma duba hannunka wajen ba da abinci: in bayan minti goma sha biyar akwai saura yana yawo, ka zuba da yawa, kuɗinka ne ke zama gansakuka.

Sai maganar ruwan bilic da wasu ke zubawa don wanke tiyo. Yana kashe gansakuka, ba musu, amma kulorin da ke cikinsa ko kaɗan ne yana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. In za ka yi, ka cire duk wani jonin da ke tsakanin tiyo da tafki tukuna, bokitin da ka dama a ciki ma kada ya sake zuwa wajen kifi. Kuma kada a taɓa haɗa shi da asid, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Ni dai yanzu tiyona ruwan burtsatse yake sha, ruwan tarwaɗa kuma ayaba ce ke morarsa a bayan tafki.