Ra'ayinmu: Rana Na Tsakar Gida, Mai Jego Na Ƙuryar Ɗaki

Wanda ya taso a ƙauye irin Banga, a ƙasar Ƙaura Namoda, ya san yaron da ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka. Tsofaffi kan ce gado ne. Sau da yawa kuwa cuta ce ta laushin ƙashi, kuma ana iya hana ta.

Ƙashin yaro na bukatar sinadari biyu: kalsiyam, wanda ke gina shi, da bitamin D, wanda ke taimakon hanji ya tsotse kalsiyam ɗin. Fatar mutum ce ke ƙera bitamin D idan rana ta taɓa ta. Nonon uwa, duk da ba abincin da ya kai shi, kaɗan yake ɗauke da shi, balle in uwar kanta ta rasa. To, mai jego kan yi kwana 40 yawanci a cikin ɗaki, jariri a ƙunshe cikin zane, alhali rana na dukan tsakar gida kyauta.

Amma kada mu ɗora wa rana dukan laifi. A 1999, binciken da Dokta Tom Thacher da abokansa suka yi a Jos ya nuna cewa yaran da ke da wannan cuta sun fi warkewa da kalsiyam bisa ga bitamin D shi kaɗai. Yaron da aka yaye a kan kunu da tuwo zalla, ba nono ba kifi, ƙashinsa na cikin haɗari. Ga kuma yunwa: gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a 2024 ya gano tamowa a jikin yaro ɗaya cikin huɗu a Shinkafi da Zurmi.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, mu ne 'ya'yan waɗannan gidaje. In mun koma hutu, mu gaya wa yayyenmu maza cewa nono da ƙwai da kifi haƙƙin mai jego ne. Mu roƙi iyayenmu mata su bar ta ta sha hantsi a tsakar gida. Wannan bai saɓa wa kulle ba. Yaron da ya yi jinkirin tafiya kuwa, a kai shi asibiti. Hukuma kuma ta tanadi ɗigon bitamin D a ɗakunan shan magani na karkara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin yaro ma tun yana ɗanye ake miƙe shi.