Ina Takardar Ladan Yaro?

Zuwa ga Edita,

Yau ma ina roƙon fili kaɗan.

Watan jiya ɗan wana, mai shekara 15, ya komo Jega daga Aliero hannu Rabbana. Wata huɗu ya yi yana ɗura albasa a buhu, tun asuba har bayan lisha. Da ya nemi ladansa, ubangidansa ya ce ai tuwon da ya ci shi ne lada. Na bi sawu, aka ce, "Malam, ina shaida?" Sai na yi shiru.

To, jama'a, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce kafin ma'aikaci ya cika wata 3, lalle a ba shi takarda mai bayyana aikinsa da ladansa. Wanda bai kai shekara 16 ba kuwa, kada aikinsa ya wuce awa 8 a yini. Albashin nan na naira 70,000 da aka yanka a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka takardar ce madogarar yaranmu.

Malamai da akawunan Maiyama da Aliero, alƙalami a hannunmu yake. Ni dai kowace ranar kasuwa zan rubuta wa iyayen yara kyauta, ubangida ya sa hannu.

Haza wasalam.
Akawu, Jega.