Ba Birni Kaɗai Ya Raba Ɗaliban Sin da Harsunan Iyayensu Ba

Duk lokacin da aka ta da zancen yadda ɗaliban jami'o'in ƙasar Sin ke barin harsunan iyayensu suna rungumar Mandarin, sai a ɗora wa bunƙasar birane laifin, kamar dai ruwan sama ne da ba wanda ya isa ya tare. Ni ban gamsu ba.

Ba na musun cewa birni ya taka rawa. A 1978 ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na Sinawa ne ke zaune a birane, ƙidayar 2020 kuwa ta nuna kusan kashi 64. In an haɗa ɗan Shanghai da ɗan Fujian da ɗan Guangdong a ɗakin kwanan ɗalibai guda, tilas su nemi abin da zai haɗa bakinsu, domin abin da hukuma ke kira karin harshe a can ba irin bambancin Kananci da Sakkwatanci ba ne. Ba sa jin juna.

To amma Hong Kong fa, ƙauye ne? Kusan mutum 9 cikin 10 a can har yau harshen Kanton suke yi a gida, saboda yana da gurbi a aji da talabijin da majalisa. Ɗan Hong Kong yakan shiga jami'a ya fito da harshensa a baki.

A sauran ƙasar kuwa, tun 1956 gwamnati ta ba da umarnin yaɗa Mandarin, dokar da ta fara aiki a 2001 ta tabbatar da shi a matsayin harshen koyarwa da na aikin gwamnati. Wanda ke son zama malami sai ya ci jarrabawar iya shi. Ɗalibin da ya lura cewa harshen kakarsa ba ya kawo maki, ba ya kawo aiki, wani lokaci ma dariya yake jawo masa, ai ba sai an ce masa ya ajiye shi ba. Da aka ba da shawarar rage shirye-shiryen harshen Kanton a talabijin ɗin Guangzhou a 2010, jama'a sun fito kan titi, kuma 'yan birni ne.

A 2015 hukuma ta ƙaddamar da shirin adana harsunan, ana bin tsofaffi ana naɗar muryoyinsu. Aiki ne mai kyau, sai dai jikokin tsofaffin suna aji, kuma ba a taɓa harshen koyarwa ba.