Filin Ƙarfe da Maƙera: A Datse Tsohon Babur ɗin Ingila ko a Bar Shi?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na wata-wata, inda mukan tattauna a kan ƙarfe da injuna da masu cin abinci da su. A wannan karo mun ɗauko maganar wani irin babur da samarinmu ke yawan nuna wa juna a wayoyinsu, mai dogon wuya kamar raƙumin dawa, da siririyar tayar gaba, da sirdi can ƙasa kamar mutum na zaune a kan tabarma. Sunansa cofa, daga wata kalmar Turanci mai ma'anar sara ko datsa, domin kuwa da zarto ake fara aikinsa. Akwai masu ƙera shi daga tsofaffin baburan Ingila, kuma a kan haka aka daɗe ana sa-in-sa tsakaninsu da masu son a bar tsohon abu yadda ya fito daga kamfani. Mu ma muna da ta cewa, tun da yake a zangonninmu akwai makanikai da masu walda da wata rana za a iya kawo wa irin wannan aiki.

Asalin abin daga Amurka yake. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojin da suka koma gida sun tarar da manyan babura irin su Harley-Davidson da Indian, da yawansu rarar kayan soja ne da ake sayarwa da araha. Sai suka riƙa cire duk abin da bai zama dole ba, kamar madigadin gaba da manyan fitilu da akwatunan gefe, don babur ya yi sauƙi ya ƙara gudu. Daga ƙarshen shekarun 1950, musamman a jihar Kalifoniya, aka wuce cire kaya aka shiga yanka firam ɗin kansa ana sake masa siffa. Wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1970 zai tuna keken nan Raleigh Chopper mai dogon sirdi da giya a tsakiya kamar ta mota. To, daga wannan yayi ne aka samo sunansa da kamanninsa.

Me ya kawo baburan Ingila cikin sha'anin Amurkawa? Amsar ita ce akwai lokacin da Ingila ke jan ragamar wannan sana'a. Kamfanin BSA na birnin Bamingam, wanda maƙeran bindiga suka kafa a 1861, ya kai matsayin da ya fi kowa yawan ƙera babura a duniya a shekarun 1950, kuma shi ya sayi Triumph a 1951. Shi kuwa Triumph, wani baƙo ne daga Jamus mai suna Siegfried Bettmann ya kafa shi a birnin Kobantiri, ya fara fitar da babur a 1902. Injiniyan kamfanin, Edward Turner, shi ya zana inji mai silinda biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fito a Speed Twin kafin yaƙi, aka faɗaɗa shi zuwa sisi 650 a Thunderbird, sa'an nan ya kai ƙarshen shahararsa a Bonneville ta 1959. Thunderbird ce Marlon Brando ya hau a fim ɗin The Wild One na 1953, kuma a shekarun 1960 mafi yawan abin da Triumph ke ƙerawa Amurka ake kai shi.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1969 Honda ta Japan ta fito da CB750 mai silinda huɗu, wadda ake tayarwa da maɓalli, ba ta kuma zubar da mai a ƙofar gida. Kafin 1973 BSA ta durƙushe. Ma'aikatan Triumph na Meriden suka ƙi barin masana'antarsu, suka riƙe ta a matsayin ƙungiyar haɗin kai, har zuwa 1983 da ita ma ta rufe. A waɗannan shekaru tsohuwar Triumph ko BSA ba ta da wata daraja a kasuwa, saboda haka saurayin da ba ya da kuɗin Harley sai ya sayi ɗaya ya sa mata zarto. Ga shi kuma Bonneville ba ta kai kilo 200 ba, alhali babbar Harley takan kai kilo 300, kuma injinta kyakkyawa ne a ido, ba ya bukatar a ɓoye shi.

To, yaya ake aikin? Farko ana kwance babur gaba ɗaya har sai firam ya rage tsirara. Daga nan a cire shokazoba na baya, a sa wani ƙarfe sandararre wanda ke riƙe tayar baya kai tsaye, domin babur ya yi ƙasa, layinsa ya miƙe daga wuya har gindin taya. A nan ne Triumph ta fi sauran farin jini, domin a firam ɗinta na 1963 zuwa 1970 rabin baya da noti aka ɗaure shi, ana iya kwance shi a ɗaura sabo ba tare da an yanka komai ba. Daga 1971 kuwa kamfanin ya koma zuba baƙin mai a cikin babban bututun firam, saboda haka wanda ya sami irin wannan sai ya yi yanka da walda, kuma dole ya kula kada garin ƙarfe ya rage a inda mai ke bi.

Sai kuma wuya, wanda shi ne zuciyar aikin. A babur na yau da kullum ƙafafun gaba sukan karkata da kamar digiri 27 daga tsaye. Mai ƙera cofa yakan yanke wuyan firam ya ƙara kwantar da shi zuwa digiri 35 ko 40 ko fiye, sa'an nan ya sa dogayen ƙafafu. Akwai wani awo da ba a gani da ido, amma shi ke riƙe da ran mahayi. Idan aka ja layi ta tsakiyar wuyan firam har ƙasa, to, ana auna tazarar da ke tsakanin inda layin ya sauka da inda taya ta taɓa ƙasa, kuma a yawancin babura ba ta wuce santimita 10 da 'yan kai. In ta yi kaɗan, kan babur zai riƙa kaɗawa da kansa idan aka ɗauki gudu. In ta yi yawa, kan zai yi nauyi, ya riƙa faɗawa gefe a kwana. Bayan wannan sai ƙananan abubuwa: tayar gaba mai inci 21, ta baya mai inci 16, ɗan ƙaramin tanki, dogayen hannuwa, da sabon tankin baƙin mai, tun da injunan nan ba a cikinsu suke ajiye mansu ba.

Injin ma yana da nasa halin da ya kamata makanike ya sani. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, don haka girgiza ta yi masa yawa, kuma in babu shokazoba duk notin da ba a ɗaure da kyau ba sai ya zube a hanya. A cikin karanshaf akwai wani bututu da ke tara dattin mai shekara da shekaru, wanda in ba a buɗe an wanke shi ba zai toshe hanyar mai, inji ya ƙone. Notin tsofaffinsu awon Whitworth ne, sifanar da muke kwance Honda ko Boxer da ita ba za ta kama su daidai ba, sai dai ta cinye musu kai. Wayoyin wutarsu na kamfanin Lucas ne, kuma a yawancinsu jan kan batir ake haɗawa da jikin babur, saɓanin abin da muka saba, wanda ya juya su ya yi ɓarna. Haka kuma giya a ƙafar dama take, birki a hagu, sai a tsakiyar shekarun 1970 dokar Amurka ta sa aka sauya. Mahayin da ya saba da baburan yanzu, in tsautsayi ya gitta, giya zai taka yana neman birki.

Yanzu mu zo ga gardamar. Masu adana kayan tarihi na cewa waɗannan babura an gama ƙera su, ba za a ƙara ko ɗaya ba. Gaskiya ne sunayen na nan da ransu: John Bloor ya sayi sunan Triumph a 1983 ya buɗe sabuwar masana'anta a Hinckley, kamfanonin Indiya kuma suka sayi sunan BSA a 2016 da Norton a 2020. Amma waɗannan sababbin injuna ne masu tsohon suna. Duk Bonneville ta 1968 da aka datse wa wuya ta tafi ke nan, kuma wadda lambar injinta ta dace da ta firam ita ce masu saye ke nema ruwa a jallo. Su kuwa masu datsa suna cewa dubban babura da sun ƙare a wurin 'yan gwangwan in ba don su ba, kuma babur don hawa aka yi shi, ba don a kulle a ɗaki ana goge masa ƙura ba. Suna ƙarawa da cewa cofar da aka ƙera a 1972 ita ma yanzu ta zama kayan tarihi.

Mu a namu ganin kowane ɓangare na da gaskiya, amma a kan babur daban. Idan tsohon babur ya zo cikakke, da tankinsa da madigadinsa da lambobinsa, to, zarto bai kamace shi ba, kuma ko ta fuskar kuɗi mai shi ne zai yi hasara. Idan kuwa gawa ce, inji a buhu, firam ya lanƙwashe ko an riga an yanka shi tun zamanin iyaye, to, wanda ya tayar da shi ya kyauta. In kuma za a iya ɗaura sabon rabin baya da noti a ajiye na asali a rumbu, hakan ya fi, domin gobe ana iya mayar da shi. Saboda haka wanda ya gaji wata tsohuwar BSA ko Triumph a bayan ɗakin kakansa, kada ya yi gaggawar sayar da ita a kan sikeli, kada kuma ya miƙa ta ga mai walda kafin ya san abin da ke hannunsa.

Akwai kuma maganar rai. A Ingila babur ɗin da ya shekara 40 an ɗauke masa gwajin lafiya na shekara-shekara tun daga 2018, amma ban da wanda aka yi wa babban sauyi, kuma wanda aka sake wa firam sosai sai hukuma ta duba shi kafin ya hau titi. Su da ke da shimfiɗaɗɗun hanyoyi ke nan. Mu da muke fama da ramuka da yashi, babur marar shokazoba azaba ce ga ƙugu, kuma kowane rami a kan waldar wuya yake sauka. Waldar da ta isa ƙofar shago ba ta isa wuyan babur ba. Sai an kafa firam a kan madaidaicin teburi an ɗaure shi, an sa wani bututu a cikin mahaɗin, an kuma auna tayoyin biyu sun hau layi ɗaya. Kada kuma a kwaikwayi masu cire birkin gaba don ado, domin shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur. Rigakafi dai ya fi magani.

Kafin mu rufe, ga wani abu da ya kamata masu sana'armu su sani. Fim ɗin Easy Rider na 1969 shi ya yaɗa cofa a duniya, kodayake baburansa Harley ne, tsofaffin na 'yan sanda da aka saya a gwanjo. Waɗanda suka tsara su suka ƙera su baƙaƙen fata ne biyu na birnin Los Anjalas, wato Cliff Vaughs da Ben Hardy, amma ba a sa sunansu a fim ɗin ba. Shekaru da yawa jama'a na yabon wanda ya hau, ba a san wanda ya riƙe zarto ba, har Hardy ya rasu a 1994 kafin labarin ya bazu. Don haka muna kira ga iyayen gidan gareji da yaransu, duk wanda ya ƙera abin kirki ya buga sunansa a jiki, ya ɗauki hoto, ya rubuta ranar da ya gama da awon da ya yi amfani da shi. Wannan zai tsare masa haƙƙinsa, zai kuma taimaki makaniken da babur ɗin zai faɗa hannunsa nan gaba.

Nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.