Ku cire makunnin zaiba daga furojek ɗinku 🧵

1/
Zan faɗi maganar da za ta ɓata wa wasu rai. Duk wanda har yau yake koya wa matasa haɗa na'ura da makunnin zaiba, ko dai bai san abin da yake riƙe da shi ba, ko kuma lalaci ne ya hana shi koyon wani abu. Zare ne, ku biyo ni.

2/
Ga wanda bai san shi ba: ɗan ƙaramin gilashi ne rufaffe, da wayoyi biyu a gefe ɗaya, da ɗigon zaiba a ciki, wato makuri. Ka karkata shi, ɗigon ya gangaro ya haɗa wayoyin, wuta ta wuce. Ka miƙar da shi, wuta ta yanke. Iyakar aikinsa ke nan.

3/
Kar ka ce ai kai ba ka da shi. In ka taɓa sayen akwatin sensa 37 ɗin nan na Arduino, je ka duba. KY-017 makunnin zaiba ne. KY-027 ma haka. Ɗaga shi ga haske, za ka ga ɗigo mai sheƙi kamar azurfa yana yawo. Ita ce.

4/
Zaiba ƙarfe ce da ke zama ruwa a yanayin ɗaki, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 39 ƙasa da sifili. In gilashin ya fashe, tana tarwatsewa ƙanana-ƙanana, ta shige tsagar siminti da ƙarƙashin leda da cikin kafet, ta riƙa fitar da tururi a hankali.

5/
Tururin ba shi da launi, ba shi da wari. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ka shaƙa huhu yana tura shi cikin jini. Daga nan sai ƙwaƙwalwa da ƙoda: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi. Ƙananan yara da ɗan da ke ciki su suka fi cutuwa.

6/
Kuma iya zafin wuri, iya yawan tururin. Yanzu ka tuna ɗakinka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, an rufe taga saboda sauro, ƙanenka yana kwance a ƙasa. A wannan ɗakin ne kake narka dalma a ƙafar gilashin da bai kai ƙwayar wake kauri ba. Haba.

7/
"Ai mun yi wasa da ita a tafin hannu muna yara, ga mu da ranmu." Alhamdulillahi. Amma fata ba ta zuƙar ta sosai, huhu ne ƙofarta. Kuma cutar ba ta kayar da mutum nan take, taruwa take yi. Rashin mutuwarka ba hujja ba ce, yallaɓai.

8/
Ba ni kaɗai nake wannan surutun ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaiba cikin sinadarai 10 da suka fi zama barazana ga lafiyar jama'a. Tarayyar Turai ta taƙaita ta a kayan lantarki tun 2006.

9/
Akwai kuma Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, Najeriya ta amince da ita a 2018. Ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙera makunnai masu zaiba da shigo da su, in ban da wasu kaɗan na aikin awo na musamman. Fitilarka mai kunna kanta ba ta cikinsu.

10/
Sunan daga garin Minamata na Japan yake, inda a 1956 aka gano cutar da ta samo asali daga zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku. A cikin ruwa ƙwayoyin halitta kan mayar da zaiba wani nau'i mafi muni da ke taruwa a jikin kifi. Ka riƙe wannan, za mu zo kan bola.

11/
To me za a sa a madadinsa? A nan ne raina ya fi ɓaci, domin madadin yana cikin akwatin nan guda. KY-020 ke nan: ƴar ƙwallon ƙarfe ce a cikin bututu, ta gangara ta haɗa wayoyi. In tsurarsa kake so, nemi SW-520D ko SW-200D. Ƙafa biyu, babu gilashi, babu guba.

12/
Nan masu kare zaiba za su taso: "Mai ƙwallo yana tsalle, karkatawa ɗaya sai allon ya karanta sau goma." Gaskiya ne, ban musa ba. Zaiba tana haɗa wuta sumul, ƙwallo kuwa sai ta ɗan yi rawa kafin ta zauna.

13/
Amma maganin layi nawa ne? In yanayin makunnin ya canza, ka jira milisakan 50, ka sake karantawa, in bai sake canzawa ba sai ka yarda. Ba ka son rubutawa? Bounce2 tana nan kyauta. Babu Arduino a aikin? Rizista 10k da kafasita 100nF za su rage rawar sosai.

14/
Wato saboda ƙyuyar rubuta layi biyar na kod ne za ka ajiye guba a ɗakin da kuke kwana? Duk maɓallin da ka taɓa dannawa a allon gwaji yana wannan tsallen. Dole dai ka koyi gyaransa, gara ka koya yau.

15/
Hujja ta biyu: "Na zaiba ya fi ɗaukar wuta." Shi ma gaskiya ne, mai ƙwallo na ƙaramar wuta ne. To wa ya ce ka ɗora wa makunni nauyin hon ko mota kai tsaye? Makunni ya ba da sigina, tiransista ko rile ya ɗauki nauyi. 2N2222 ga ƙaramin kaya, IRLZ44N ga babba.

16/
Yanzu mu zo ga abin da ya fi su duka. Makunnin karkata abu biyu kawai ya iya faɗa: e ko a'a. Bai san ko digiri 10 ka karkata ko 60 ba. Wayar da ke hannunka kuwa ta sani, shi ya sa hoto yake juyawa in ka kwantar da ita. Ma'aunin motsi ne a cikinta, akselaromita.

17/
Kai ma kana iya saka shi. ADXL345 ko MPU6050, waya huɗu: wuta, ƙasa, SDA zuwa A4, SCL zuwa A5 in Uno ce. Yana auna jan ƙasa ta fuska uku, ka sa atan2 ka fitar da kusurwa. Kai za ka zaɓi digirin da ƙararrawa za ta tashi, ba siffar gilashi ba.

18/
Misali ƙararrawar ɓarawon mashin, wadda kusan kowa yake son haɗawa. Da makunnin e-ko-a'a, ka jingine mashin a gangare sai ihu. Da ma'aunin motsi sai ka adana kusurwar da aka ajiye shi, ka ce in ta canza da digiri 15 na tsawon sakan biyu, a busa. Wanne ne aikin injiniya?

19/
"Zai cinye batir." Duba LIS3DH. A yanayin tattalin wuta abin da yake ja ƴan mikro'amfiya ne, kuma yana da ƙafar da ke tayar da allon daga barci in an motsa shi. ESP32 ɗinka ya yi ta barcinsa har sai an taɓa kayan.

20/
Sau da yawa ma ba karkata kake son ganewa ba. Ƙofa, murfin akwati, durowa? Maganaɗisu da makunnin rid na yau da kullum, ko sensa A3144. Girgiza kake nema? SW-420. Kowane aiki da kayansa.

21/
Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na tankin ruwa. Don Allah, don Annabi, kar ka naɗe makunnin zaiba a gora ka jefa cikin ruwan da gida ke sha. Akwai mai iyo na roba da maganaɗisu a ciki. Akwai JSN-SR04T da ke auna nisan ruwa daga sama ba tare da ya taɓa shi ba.

22/
Sai maganar da ba a son yi: ina furojek yake ƙarewa? An kare shi a gaban malamai, an ci maki, ya yi shekara a kan kabad, ranar shara ya tafi bola. Yara masu tsintar ƙarfe su fasa, a cinna wa bolar wuta, saura ruwan sama ya kwashe zuwa kwata. Ɗigon da ka ce ƙarami ne bai ɓace ba, wuri ya canza.

23/
In kana da shi yanzu, kar ka fasa don ka ga abin da ke ciki, kar kuma ka jefar. Naɗe shi, sa a kwalba mai murfi, rubuta ZAIBA a jiki, ka ajiye inda yaro ba zai kai ba. Ka tambayi NESREA ko hukumar muhalli ta jiharku yadda za a rabu da shi.

24/
In ya riga ya fashe: fitar da yara da masu juna biyu, buɗe taga. Ban da tsintsiya, ban da injin zuƙe ƙura, su ne ke ƙara watsa ta. Cire zobe ko warwaron zinare, zaiba na kama shi. Sa safar hannu, tattara da kwali, ɗauke da sirinji marar allura, ƙananan ka bi su da salatif.

25/
Haska tocila a kwance a ƙasa, ɗigon da ya ɓuya zai yi ƙyalli. Komai ya shiga kwalba a rufe, har kwalin da salatif ɗin. Kar a zuba a masai ko kwata. A bar ɗakin yana shan iska aƙalla kwana ɗaya.

26/
Masu koyarwa a YouTube da TikTok, da malaman da ke duba furojek, da masu shago: ku ne matasa ke kwaikwayo. In ɗalibi ya kawo zane da KY-017, ku mayar masa ya sa KY-020 ko MPU6050. In mai saye ya tambaya, ku miƙa masa mai ƙwallo.

27/
Wanda yake da aikin da ya rantse sai da zaiba zai yiwu, ya ajiye min shi a ƙasa, mu warware shi tare a gaban kowa. Sauran kuma ku tura wa abokin nan naku mai akwatin sensa 37, ya buɗe ya duba yau.