Wasa da Lissafi: Shekara ɗaya da albashi mai tsoka, ko shekara uku da kwanciyar hankali?

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wani ɗalibin aji biyar na sakandare a Kaugama. Ya ce yayansa ɗan shekara 19 ne, mai tsaron baya, kuma ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu sun yi masa tayi. Ta farko za ta ba shi kwantiragin shekara ɗaya a kan naira 250,000 duk wata. Ta biyu ta ce shekara uku, a kan naira 170,000. Gida ya rabu biyu: Baba na son mai tsawon, abokai na cewa ya kama mai kuɗin. Ɗalibin ya ce, "Malam, wanne ya fi?"

To, ƙanena, ɗauko biro da takarda mu fara da lissafi. Tayin farko zai kawo naira miliyan 3 a shekara. Na biyu zai kawo 2,040,000 a shekara, wato 6,120,000 a shekara uku. Idan yayanka ya ɗauki na farko, sai ya samu wasu 3,120,000 a cikin watanni 24 da suka rage kafin ya kamo na biyu. Raba ka gani, 130,000 ke nan a wata. Ashe tambayar ita ce: bayan shekara ɗaya, yana da yaƙinin samun ƙungiyar da za ta biya shi fiye da 130,000?

Duk ɗan da ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san irin wannan shawarar. Manomi ya girbe riɗinsa, ko dai ya sayar a kaka ya riƙe kuɗinsa a hannu, ko ya ajiye ya jira farashi ya hau. Mai ajiya yakan ci riba, amma shi ne kuma yake kwana da fargabar ɓarawo, da danshi, da faɗuwar kasuwa. Ɗan wasan da ya sa hannu a gajeren kwantiragi mai ajiya ne, ya yarda darajarsa za ta tashi. Wanda ya sa hannu a dogo kuwa ya sayar a kaka.

Haɗarin gajeren kwantiragi shi ne rauni. Mai tsaron baya kullum cikin karo yake, ga tsalle, ga tare ƙwallo a ƙasa mai tauri. Tsinkewar jijiyar gwiwa takan zaunar da ɗan wasa wata shida zuwa tara, wani lokaci ma fiye. Idan haka ta faru a wata na takwas na kwantiragin shekara ɗaya, kaka za ta ƙare yana ɗingishi, ba albashi, ba mai nemansa. Sannan shi ɗan baya ba kamar ɗan gaba ba ne da ake ƙirga masa ƙwallaye. Sai ya buga wasanni da yawa kafin masu ido su gane ingancinsa, kuma shekara ɗaya ba lallai ta isa ba.

Haɗarin dogon kwantiragi kuma tsadar rayuwa ce. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Mu ɗauka haka za ta ci gaba shekara biyu a jere. Naira 170,000 a shekara ta uku za ta sayi abin da kusan 100,000 ke saya yau. Albashi yana nan a takarda, buhun shinkafa ya yi gaba. Kuma idan tauraronsa ya haska, wata babbar ƙungiya ta zo, ba zai tafi ba sai ƙungiyarsa ta yarda.

Wannan ciwon kan ba na 'yan ƙwallon ƙafa kaɗai ba ne. A gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta NHL, wadda ake yi a Amurka da Kanada, wasu masu tsaron baya biyu sun bi hanya daban-daban a shekarar 2013. P.K. Subban na ƙungiyar Montreal ya karɓi kwantiragin shekara biyu a kan dala miliyan 5.75. A wannan kakar aka zaɓe shi gwarzon mai tsaron baya, sai ga shi a 2014 ya sa hannu a kan dala miliyan 72 na shekara takwas. Shi kuwa Roman Josi na Nashville ya karɓi shekara bakwai a kan dala miliyan 28. Ya samu kwanciyar hankali, amma ya shafe shekaru yana cikin fitattun gasar alhali ana biyansa ƙasa da tsararsa. Kada mu manta, da Subban ya ji mummunan rauni a shekarun nan biyu, da labarin ya sha bamban.

A gida kuma muna da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato. Daga Kano Pillars ya tafi Qadsia ta Kuwait a 2014, ya wuce Portugal, sannan Cyprus, sannan Bursaspor ta Turkiyya a 2018, shekarar da ya je gasar cin kofin duniya a Rasha. Tsani-tsani ya hau, kuma abin da ya riƙa buɗe masa ƙofa shi ne ana ganinsa a fili. Don haka a tambayi kowace ƙungiya: yaron nan zai buga ne, ko benci zai ɗumama?

Akwai dokokin FIFA da ya kamata kowane ɗalibi mai burin ƙwallo ya haddace. Kwantiragi ba ya wuce shekara biyar. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a yi masa fiye da shekara uku. Idan saura wata shida kwantiraginka ya ƙare, kana da damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya. Idan kuma aka riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta takardar gargaɗi ka ba da kwana 15, in ba a biya ba kana da hujjar raba gari. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci a wajenmu, domin kukan bashin albashi ba baƙon abu ba ne a ƙwallon ƙasar nan. Naira 170,000 da ke shigowa duk wata ta fi 250,000 da ake jira wata huɗu.

Ga shawarata. Yayanka ya bincika wurin tsofaffin 'yan wasan ƙungiyoyin biyu, wacce ce take biya a kan lokaci. Idan ta biyun ce, ya koma ya nemi gyara: shekara biyu maimakon uku, ko ukun amma albashi ya riƙa ƙaruwa duk shekara. A rubuta wanda zai biya kuɗin asibiti idan ya ji rauni, a rubuta adadin da wata ƙungiya za ta biya a sake shi. Kada ya sa hannu sai Baba da wani wanda ya san shari'a sun karanta, kuma ya dawo gida da kwafinsa. Alƙawarin baki ba ya zuwa kotu.

Ku kuma da ke aji, kun ga inda darasin kaso cikin ɗari da Turancin da kuke gudu suke da rana. Ɗan wasan da ba ya iya karanta kwantiraginsa, wani ne zai karanta masa yadda ya ga dama. Ku riƙe WAEC da NECO da muhimmanci kamar yadda kuka riƙe atisayen yamma.

Aikin gida: idan albashin 170,000 yana ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara, nawa ɗan wasan zai tara a shekara uku? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.